Fuloti Ɗaya, Kicin Ɗaya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo, da gwiwar nan taka da ka hana a duba maka a asibitinmu. Na zaɓi rubutu ne don na san idan na kira ka a waya, sai dai ka yi ta “Iye? Iye?” har maƙwabta su gama jin maganar kai ba ka ji ba. Direban bas ɗin layinku ya ce zai riƙa miƙa maka.

Baba, mai gidan da muke haya zai sayar, ya ba mu wata uku mu tashi. Sati uku ke nan ni da mijina Malam muna zagaye gari, takalminsa har ya buɗe baki. Duk inda ke kusa da asibiti, hayar ɗaki biyu ta fi ƙarfin albashina da nasa a haɗe. Inda za mu iya biya kuwa ya fi inda muke nisa, alhali ko yanzu bas biyu nake hawa, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Shekaranjiya jikarka ta faɗi ta kurje gwiwa, ina tsaye a wurin, ta wuce ni ta ruga wajen mai rainonta. Dariya na yi a gabansu, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

To, an yi mini tayin canjin wurin aiki. Ƙaramin asibiti ne, tafiyar yini guda a mota daga nan, kuma akwai gidan ma'aikata. Malam ma zai samu makarantar koyarwa a can. Suna son amsa kafin ƙarshen watan gobe.

Ba na son tafiyar, Baba. Idan na tafi, sau nawa zan gan ka a shekara? Amma ban ga wata ƙofa ba. Ka taya ni da addu'a da shawara.

Ka gaishe da Gwaggo. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Gwiwata lafiyarta ƙalau, kunnena ma haka, wayoyin yanzu ne ba su da murya.

Ki ajiye maganar tafiyar nan. Shekara arba'in ina gina wa mutane gidaje, sannan a ce 'yata ta rasa wurin kwana a garin da ni na ɗora rabin katangunsa? Abin kunya ne wannan. Bayan gidana fili ne fetal, babu komai sai bishiyar mangwaro da tsohon barona. Na san Malam ba zai kwana ƙarƙashin rufin surukinsa ba, ni ma da ni ne ba zan yarda ba, kuma ɗaki biyun nan mun cika su, ni da Gwaggonki da akwatunanta tara. Saboda haka naku daban zan yi muku: ɗaki biyu, falo, banɗaki, kicin, da ƙofarku ta lungu.

Ba “zan yi” ba ne ma, na riga na fara. Ranar da takardarki ta zo na kafa turaku na ja igiya. Na kira tsofaffin abokan aikina biyu, mun haƙa harsashi mun zuba.

Da kicin na soma. Lokacin da na gina gidan nan shi na bari ƙarshe, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta yi damina biyu tana girki ƙarƙashin fallen kwano guda. Har ta koma ga Allah, duk ranar da muka yi saɓani sai ta tono mini wannan kwanon. Tun daga nan na yi alkawari ba zan sake barin kicin baya ba. Naki ya kai linta, wato saman ƙofa da taga. Tagarsa gabas take kallo, iska ta kwashe hayaƙi, rana ta same ki da safe.

Ki ce wa amaryata ta daina ba ni kunya da kuka a kan ɗan kurjewa, in ba haka ba na fasa auren. Na bar mata reshen mangwaro na lilo.

Ki gaishe da Malam. Allah ya yi muku albarka.

Babanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Kada ki tsorata da ganin takarda ta biyu kafin ki amsa ta farko, kowa lafiya.

Ranar Talata muna tsaka da kwaɓa siminti wata farar mota ta tsaya. Mutum biyu suka fito daga ofishin tsara gari, ɗaya da fayil, ɗaya da gwangwanin jan fenti. Suka gaishe ni da ladabi, sannan mai gwangwanin ya zana wani ƙaton gicciye a bangon kicin ɗinki, ya rubuta a dakata. A kan bulon da na jera da hannuna, Auta, layi miƙe ba ko karkata. Ko kallon aikin bai yi ba.

Washegari na sa babbar rigata na tafi ofishin. Wani mai tabarau ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar yana koya wa yaro karatu. Wai dokar unguwarmu ta ce fuloti ɗaya, gida ɗaya. Na ce ai gidan 'yata ne, ba na baƙo ba. Ya ce doka ba ta san 'ya ba, kicin take ƙirgawa: in an ga kicin na biyu, to an yi gida na biyu. Na ce to a cire kicin ɗin, ki riƙa girki da Gwaggonki. Ya ce idan babu kicin sunansa sito, kuma haramun ne mutum ya kwana a sito. Na ce, “Yaro, kai ka ji abin da bakinka yake faɗa kuwa?” Ya yi murmushi ya ce kullum yana ji.

Kin ga irin sa'ata. Da ɗakunan na fara, da ƙila sun wuce sun ɗauka ma'ajiya nake yi. Alkawarin da na yi wa mahaifiyarki ne ya tona ni.

Amma akwai hanya. Ana ba da izini na musamman idan maƙwabtan da muka haɗa katanga sun sa hannu, su uku. Tela ya sa, Mai Shago ta sa. Saura ɗaya, ƙaramin abu ne. Kada ki amsa wa mutanen can komai tukuna.

Babanki

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jajen bangonka. Gwaggo ta gaya mini ka yi kwana biyu kana fita kallon jan fentin kamar mai zuwa dubiya.

Ranar hutuna na biya ofishin da kaina, don in ji wane marar tausayi ne ya ƙirƙiro wannan doka. Mai tabaraun ya gane ni da kamanninka. Ya ce a da unguwarku ba ta da dokar, mutanen unguwa ne suka roƙa da kansu shekara ashirin da shida da suka wuce, daga baya unguwanni goma sha ɗaya da ke kewaye da tsakiyar gari suka kwaikwaya. Ya ce shi ya sa gari ke ta miƙewa waje, ciki kuwa ba a ƙara ko ɗaki. Sai na tuna abin da nake hangowa kullum ta tagar bas: dogayen katangu, bayansu filaye manya, kowane da tsoho ɗaya ko biyu suna shan inuwa, mu kuma a cunkushe muna wucewa.

Ya ɗauko mini tsohon fayil ɗin. Takardar koken tana ciki, ta yi ruwan ƙasa, da sa hannun mutum arba'in da uku.

Baba, na san rubutun nan. Shi ne a bayan duk littattafaina na firamare. Mutum ɗaya na sani da yake rubuta bakwai da ɗan layi a tsakiya kamar linta. Kuma sunanka ne na farko.

Na zauna a bencin ofishin na rasa dariya zan yi ko kuka. Ban yi fushi ba, wallahi, mamaki ne ya cika ni. Kuma da na lissafa katangunmu, Tela a hagu, Mai Shago a baya, ai “ƙaramin abun” da ya rage Baba Mai Keke ne na dama. Tun ina yarinya na san gaisuwarku ba ta wuce “ina kwana”, ban taɓa tambayar dalili ba. Yau na tambaya.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Sati guda takardarki tana aljihuna. Na so in ce miki ban tuna ba, amma ƙarya ba ta dace da furfura.

Ni na rubuta. Mai tabarau ma ya sani, ranar da na je ya kalli sunana ya kalle ni, ya yi mini kara.

Ga yadda aka yi. Ni da Mai Keke tare muka sayi fulotanmu, tare muka ja ruwan famfo. Da babban ɗansa ya tashi aure, ya so ya gina masa ɗaki biyu da kicin a bayan gida, ya ƙara ɗaya na haya. Ni ya kira. Ni na ja masa igiya, ni na raka shi muka zaɓi bulo. Na dawo gida na kwanta, sai tunani ya hau ni. Yau ɗaki uku, gobe kowa ya yi, layi ya cika da 'yan haya, ruwan famfo ya ragu, baƙin fuska suna leƙo mini katanga ga 'yan mata a gida. Ke a lokacin kina rarrafe. Maimakon in zaga in gaya masa abin da ke raina, sai na ɗauki biro. Na bi gida gida, ƙofa arba'in da biyu, tasa kaɗai na tsallake. Na yi ta ja masa rai da aikin, yau in ce siminti ya yi tsada, gobe in ce a bari ruwa ya ɗauke, har dokar ta fito. A bakin Tela ya ji labari.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Washegari ya ce mini “ina kwana”, na ce “lafiya”, kuma a nan muka tsaya har yau.

Ɗansa ya kama haya a bayan gari, daga can ya bar garin gaba ɗaya. Ƙannensa biyu suka bi sahu. Da matar Mai Keke ta kwanta ciwon ajali, babu ko ɗaya a kusa, sai bayan an yi jana'iza suka iso. Bulon nan da na zaɓa masa yana nan a jibge inda aka sauke shi, ƙadangaru sun yi gari a ciki. Duk safiya ina hango shi idan na fito alwala.

A lokacin na ɗauka ku nake karewa. Ban taɓa kawo wa raina cewa jaririyar da ke rarrafe za ta girma ta zama 'yar haya ba.

Sau uku na je ƙofarsa da takardar izinin ina juyowa. Kunya nake ji, Auta, irin wadda ban taɓa ji ba.

Babanki

*

Babana,

Assalamu alaikum. Na karanta, na sake karantawa. Kai ne Babana jiya, kai ne yau, ba abin da ya ragu. Na ma fi son ka da ka faɗa da bakinka.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Keken da na yi shekara shida ina zuwa sakandare da shi, sau nawa ka taɓa ba ni kuɗin faci? Ko sau ɗaya. Ka ɗauka tayoyin ne masu albarka. Baba Mai Keke ne yake tare ni a bakin shagonsa ya duba birki ya sa mai, ya ce, “Wuce, kuma kada ki gaya wa magini.” Mutumin da ya yi wa 'yarka haka ba zai cinye ka ba.

Ka je, amma don Allah ka bar takardar a aljihu tukuna. Ka fara ba shi haƙuri. Kuma kada ka soma da labarin gidaje nawa ka gina a garin nan, na san halinka.

Saura kwana goma sha biyu in ba da amsa. Malam ya fara tara kwalaye. Jikarka ta shiga ɗaya ta ce motar zuwa gidan angonta ce, ban iya gaya mata inda motar za ta nufa ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na je.

Na same shi a shago yana ɗaure sarƙa. Na yi sallama na zauna a kan benci, ya ci gaba da aikinsa. Na ce, “Na zo ba ka haƙuri.” Ya ce, “Na me?” Dole na faɗi komai tun daga igiya har biro, shi kuwa yana juya feda yana sauraron ƙarar sarƙa. Da na gama ya ce, “Ka makara, amma na karɓa. Fito da takardar, tun shigowarka nake ganin kanta a aljihu.”

Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karanta har ƙananan rubutun ƙasa. Sannan ya ninke ta ya miƙo mini. Ya ce ba zai sa hannu ba.

Ban roƙe shi ba, ba ni da bakin roƙo. Na yi masa godiya na taso. Na zauna gindin mangwaro ina kallon kicin ɗinki har Gwaggonki ta ce in shigo kada mutane su ce na taɓu.

Ki karɓi aikin, 'yata. Ni na rufe ƙofar nan da hannuna, bai kamata ke ki yi ta tsayuwa a bakinta ba. Zan riƙa zuwa, gwiwar nan ta saba da wahala. Ki yafe mini.

Babanki

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fatan ke da maigidanki da yarinya kuna lafiya. Ki yi haƙuri da tabon mai a takardar, hannun ya ƙi fita. Ni ne Babanki Mai Keke. Direba ya ce yana ɗauke da wata daga wajen magini, na ce ya jira ya haɗa da tawa, don na san abin da ya rubuta miki rabin magana ne. Ya tashi tun ban gama ba, kuma ko na kira shi ba ji zai yi ba.

Gaskiya ne na ƙi sa hannu. Takardar da ya kawo cewa take a buɗe wa gidansa shi kaɗai, a bar sauran a kulle. Ɗan Tela yana haya a bayan gari. 'Yar Mai Shago haka. Ƙaramin ɗana ya ce da akwai wuri da ya dawo. Su wa zai kawo musu takarda? Mahaifinki gida arba'in da biyu ya taka ya rufe unguwar nan. Ya sake taka su ya buɗe ta, ranar nan zan sa hannu. Na tambaya a ofis, sun ce irin wannan koken yana cin shekara kafin majalisar gari ta zauna a kansa.

Na san ba ki da shekara, kwanaki gare ki. To ga tawa maganar. Ɗakunan da samarina suka tashi a ciki, guda uku, a kulle suke, ƙura kawai ke kwana. Ni tuni na koma ɗakin da ke jikin shago. Kicin ɗaya ne a gidan, ba wanda zai kawo mana jan fenti, kuma tun rasuwar mai ɗakina ba a kunna wuta a cikinsa ba. Ku zo ku zauna har a gama naku. Ni ba surukin Malam ba ne, ba shi da kunyar da zai ji. Maganar haya mu yi da shi, ba za mu yi faɗa ba. Daga ƙofata zuwa asibitinku minti ashirin ne a keke, kuma ina da wani mai kwando a gaba da ya dace da ke.

Sharaɗina ɗaya. Idan magini zai zo ganin jikarsa, ya shigo ta ƙofa ya zauna ya sha ruwa. Na gaji da gaisuwar kan katanga.

Ki yi shawara da maigidanki. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.

Babanki,
Mai Keke

*

Babana,

Assalamu alaikum. Takardu biyu Direba ya kawo mini rana ɗaya. Taka ta sa ni kuka, ta biyun ta ƙarasa ni. Na haɗo maka da ita a nan, ka karanta a zaune.

Malam ya ce to. Yau da safe na mayar wa mutanen can da amsa, na ce na gode, ba zan samu zuwa ba. Ranar Asabar muna tafe da kwalayenmu.

Ka nemi biro mai kyau da takalmi marar matsi. Kuma wannan karon gwiwar nan sai na duba ta.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo ku lafiya.

Mun samu hannu goma sha ɗaya a sabon koken. Na ce “mun” don shi yake goya ni a bayan keke, ya ajiye ni a bakin ƙofa ya tsaya daga waje, wai shi rakiya kawai ya yo. Wasu sun sa, wasu sun kore ni da irin maganganun da ni na koya musu. Sunana ne na farko. Nasa ya ce sai ƙarshe.

Jiya na shiga gidansa ta ƙofa, na zauna na sha ruwa. Na leƙa kicin ɗin, tagarsa yamma take kallo, hayaƙi zai dame ki. Shi ne da kansa ya ce, “Magini, ko za ka fasa mana wata ta gabas?”

Shekara ashirin da shida rabon da ya ba ni aiki. Gobe da safe zan fara.

Babanki